Matan Benin Sun Riga Mu Farkawa

Duk mazaunin Unguwar Romi ta Kaduna ya san manyan motocin nan da ke tasowa daga kudu cikin dare, su ratsa Gonin Gora su miƙe Kano. Wasu 'yan matan da ke gyangyaɗi a cikinsu ba a Kano za su sauke jaka ba. Damagaram ce gaba, sai Agadas, sai Sabha, sai bakin teku. Ni kuwa hanyar na bi a juye, ta Lokoja da Okene da Auchi, har birnin Benin na jihar Edo, inda wasu mata suka shirya wa masu aiki da matasa horo kan ƙaura da halin da 'ya mace ke shiga a cikinta.

Gari ne mai jar ƙasa da tsohuwar sarauta, maƙeran tagulla na Titin Igun na nan suna zubi yadda suka gada. Amma tabonsa ya fi adonsa fitowa a jarida. Hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta ƙirga matan Najeriya 1,454 da suka isa Italiya ta teku a 2014. A 2016 sun kai 11,009, kuma ta ƙiyasta kashi 80 cikin 100 na iya zama waɗanda aka yi safararsu don karuwanci. Da yawansu 'yan Edo ne.

Abin da ya burge ni shi ne mutanen garin sun daina rufa-rufa. A watan Maris na 2018 Oba Ewuare II ya tara matsafa a fadarsa, ya warware rantsuwar da ake sa 'yan mata su yi kafin tafiya, ya kuma tsine wa masu sa su. Tun kafin sarki ya yi magana ma mata sun daɗe a bakin aiki: a 1993 Grace Osakue da Bene Madunagu suka kafa Girls' Power Initiative, ƙungiyar da ba ta ɓoye cewa rajin 'yancin mata take yi, tana koya wa 'yan mata sanin jikinsu da haƙƙinsu da yadda ake cewa a'a.

Wannan tarbiyya na gani a ɗakin horonmu. Mai koyarwar, wata dattijuwa mai farin tabarau, ta hana mu fara zance da "kar ki tafi". Yarinyar da ke kallon benen da kuɗin Italiya ya gina a layinsu, hoton gawa a sahara ba zai tsayar da ita ba. Sai ta ɗauki alli ta rubuta Yuro 30,000, irin bashin da madam, wato uwar ɗakin da ta yi safararta, kan ɗora wa yarinya, ta ce mu raba shi da abin da ake samu a dare guda, bayan an cire haya da abinci da kuɗin wurin tsayuwa a titi. Muna lissafi ɗakin ya yi tsit. Daga nan ta jero tambayoyinta: wa ya yanke shawarar tafiyar, wa ke karɓar kuɗin da ake aikowa, wa zai sha zagi idan aka dawo hannu rabbana?

Aka sa mu wasan kwaikwayo, na fito a uwa, wata matashiya da ta dawo daga Libiya ta fito a 'yata. Ta durƙusa ta ce, "Mama, in na ƙi zuwa, wa zai biya wa ƙannena makaranta?" Na rasa ta cewa. Ashe rabin aikin da iyaye ake yinsa, domin sau tari uwa ce ke kai 'yarta wurin mai ɗaukar nauyin tafiya, ba don ƙiyayya ba, don talauci ya kai ta bango. Kuma irin wannan matashiya, wadda a wurinmu za a riƙa nuna ta da baki, a nan ita ke koyarwa.

Mu a Romi muna ganin abin na 'yan kudu ne. Alhali unguwarmu ta cika ne da waɗanda rikicin 2000 ya tayar daga tsallaken kogi, sannan masaƙun Kakuri suka rufe ɗaya bayan ɗaya, iyaye maza suka zauna. 'Ya'yanmu mata na tafiya aikatau Abuja da Legas ta hannun wata anti da kowa ya sani, albashin kuma hannun antin yake bi. Namiji ya tafi, a ce ya je ci-rani, a yi masa addu'a. Mace ta tafi, a fara ƙus-ƙus. Ta arewa kuma ga masu zuwa Saudiyya aikin gida, fasfo a hannun kafili, ga matan Kance na Damagaram da ke nufar Aljeriya da goyo. Mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamadar Nijar a Oktoban 2013 galibinsu mata ne da yara.

A majami'u da masallatanmu akwai shugabannin matasa birjik, masu himma kuwa, sai dai wa'azi muka iya. Ranar ƙarshe matan Benin sun sa kowannenmu ya rubuta hanyoyin da ake fita da 'yan mata daga unguwarsa, da wanda ke dillancin, da ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, mafi kusa da za a kai ƙara. Takardata ta cika kafin ta kowa.