Kunnen matafiyi da harshen da ake yi masa magana

A cikin alhazan da ke sauka filin jirgin Diori Hamani na Yamai, ba a rasa masu fitowa dafe da kunne, ana yi musu barka da zuwa suna cewa «na'am?». Mukan ɗora laifin a kan gajiya, alhali sau da yawa aikin iska ne.

Jirgin fasinja kan yi tafiyarsa a mita 10,000 zuwa 12,000 sama da ƙasa, inda iska ta yi ƙarancin da ɗan Adam ba zai jure ba. Shi ya sa ake ɗura iska a cikinsa, sai dai ba a kai ta nauyin ta ƙasa. Matafiyi yana zaune ne tamkar a kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, wato kwatankwacin ƙololuwar Bagzan ta ƙasar Abzin, mai mita 2,022.

Bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki mai iska, ƙofarsa guda ce: siririyar hanya da ba ta kai santimita 4 ba, wadda ta ɓulla can bayan hanci. Lokacin hawa, iskar ɗakin kan fita da kanta. Wajen sauka ake yin ta. Iskar waje ta ƙara nauyi, ta danna dodon kunne ciki, ita kuwa hanyar ba ta buɗewa sai an haɗiye yawu ko an yi hamma. In mura ta kumbura ta, sai ta ƙi buɗewa. To wane alhaji ne ke baro cunkoson Makka ba tari ba mura? Gwaggona ta yi mako biyu tana jin maganarmu kamar daga cikin rijiya, har ta fara tunanin sammu.

Wannan fa a jirgi mai lafiya ke nan. A Satumban 2018, matuƙan wani jirgin Jet Airways da ya tashi daga Mumbai sun manta ba su kunna na'urar daidaita iska ba. Mutum wajen 30 suka yi haɓo ko suka zubar da jini ta kunne, jirgin ya juyo.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ni malamin harshe, shi ne ilimin nan yana cikin littattafanmu. Ɗalibaina sun haddace «trompe d'Eustache» saboda jarrabawa, wasu har sun san sunan ya samo asali daga Bartolomeo Eustachi, masanin Italiya na ƙarni na 16. Amma da na ce su bayyana wa kakarsu shi da Hausa, aji ya yi tsit. Kakar kuwa ita ce za ta hau jirgi, a yi sanarwa da Faransanci ko Larabci ta wuce ta bisa kai.

Mun kashe awa guda muna gardamar suna. Wasu suka ce bututun kunne, wata yarinya ta ce ƙofar bayan kunne, ni ma nata ya fi kwanta mini. Daga bisani muka rubuta abin da ya kamata a faɗa wa maniyyata a wurin bita: kada sauka ta iske ki kina barci, ki riƙa tauna wani abu, ki yawaita haɗiyar yawu, in kunne ya toshe, ki kama hanci, ki rufe baki, ki hura a hankali, jinjiri a ba shi nono. Mai mura ta ga likita kafin tafiya, wadda kuma ta ga jini ko ta kwana biyu ba ta ji sosai ta nufi asibiti, kada a ɗiga mata mai a kunne.