Jinyar Iya a ɗakinta

A ƙarshen shekarun 1980, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti na ministan lafiya, aka yi ta yayata kiwon lafiya a matakin farko, wai a kai magani har ƙofar talaka. Mu yaran unguwarmu a Ɗambatta ina muka san wani tsari? Abin da muka sani kawai, akwai wata malamar asibiti da ke biyowa ta gidanmu in ta tashi daga aiki, saboda kakarmu Iya da hawan jini ya kayar, ɓarin jikinta na dama ya shanye.

Da aka sallamo Iya da ƙullin ƙwayoyi, jinya ta dawo wuyan matan gida. Malama bai fi rabin awa take yi ba. Sauran yini da dare na Inna ne da Goggo, shi ya sa ta fi ba da ƙarfi wajen koya musu. A juya ta duk bayan awa biyu kada gyambo ya fito mata a ƙugu. A tashe ta zaune, a tokare bayanta da matashi kafin a ba ta koko, cokali-cokali, don kada ta ƙware. A rage gishiri da kanwa. Rubutu da tofi ba ta hana ba, amma ranar da Baffa ya shigo da wanzami zai yi ƙaho, ta russuna ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan jikin ba zai ɗauki tsaga ba." Baffa ya yi ƙunƙuni, wanzami dai ya koma da zabirarsa.

Ita ma Malama an koya mata. Ta tsara cewa Inna ce za ta riƙa yi wa Iya wanka, sai Iya ta juya wa bango fuska, ta ƙi cin komai. Goggo ta ja ta gefe: "Malama, suruka ce fa. Iya ba za ta yarda matar ɗanta ta ga tsiraicinta ba." Nan take aka sake rabo, wanka da fo na Goggo, girki da magani na Inna. Mu yara aikinmu matsa ƙafa da korar ƙuda, musamman da damina in manya sun tafi noman gyaɗa da gero.

Yau 'ya'ya na Kano da Abuja, sai dai su turo kuɗi ta waya, jinya ta faɗa kan mace ɗaya. Ga makarantar ungozoma a Ɗambatta, ga ma'aikatan lafiya a gundumomi. Ya kamata ƙaramar hukuma ta sa zagayen gidajen tsofaffi marasa lafiya cikin aikinsu, ta kuma biya su kuɗin mai.