Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: Abin da wani fim ya tono a zaurenmu

Ranar wata Asabar bayan sallar Isha'i muka zauna mu shida a zauren wani abokina domin kallon fim ɗin Aftermath, wanda ya fito a shekarar 2017. Abin da ya ja hankalin yawancinmu shi ne sunan Arnold Schwarzenegger, wanda tun muna yara muke kira Kwamando. Ƙanena da ya kawo fim ɗin ya yi mana alkawarin harbe-harbe da tashin bama-bamai. Sai ga shi mun shafe kusan awa ɗaya da rabi muna kallon mutum biyu da baƙin ciki ke cinye su a hankali.

Labarin a taƙaice shi ne, jirage biyu sun yi karo a sararin sama a lokacin da wani jami'in kula da zirga-zirgar jiragen sama yake bakin aiki shi kaɗai. Cikin waɗanda suka mutu har da matar wani magini da 'yarsa. Lauyoyin kamfani suka zo masa da tayin kuɗi, shi kuma ya ce abin da yake so kawai shi ne wani ya kalli hoton iyalinsa ya ba shi haƙuri. Bai samu ba. Daga ƙarshe ya binciko inda jami'in ya koma da zama bayan ya sauya suna, ya je har ƙofar gidansa ya daɓa masa wuƙa.

Ana kashe talabijin zaure ya rabu uku. Ƙanena da wani sa'ansa suka ce an cuce su, domin a ganinsu fim ɗin bala'i da babu gobara da ihu bai ci sunansa ba. Mai masaukinmu, wanda ya girme mu duka, ya ce shi fa yana bayan maginin. "Kai," in ji shi, "mutum ya hallaka maka iyali da sakacinsa, sannan ya sauya suna ya ci gaba da rayuwarsa? Wanda bai haifa ba ne kawai zai ga laifin uban nan." Wani malamin makaranta da ke cikinmu ya amsa masa da cewa, "Alhaji, a yi hattara. Kuskure daban, ganganci daban. Ko a shari'a ma wanda ya yi kisa bisa kuskure diyya ce a kansa, ba a kashe shi." Aka yi ta musu har kusan sha biyun dare.

Ni ban ce komai ba, amma a zuciyata ina tare da Alhaji. Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne yadda na ji wani sanyi a raina lokacin da wuƙar ta sauka. Na tambayi kaina daga ina wannan sanyin ya fito, sai na ga ya kamata in nemi ainihin labarin da aka gina fim ɗin a kansa.

Abin ya faru ne a daren 1 ga Yulin 2002, a saman garin Überlingen da ke kudancin Jamus. Wani jirgin fasinja ƙirar Tupolev na kamfanin Bashkirian Airlines ya taso daga Mosko zuwa Basalona ta ƙasar Sifen, yawancin fasinjojinsa yara ne 'yan makaranta daga birnin Ufa na Rasha da za su je hutu. Wani jirgin kaya kuma ƙirar Boeing 757 na kamfanin DHL ya taso daga Bergamo ta Italiya zuwa Brussels. Dukansu biyu suna tafiya a tsayin ƙafa 36,000, kuma hanyoyinsu za su gitta juna. Duk da cewa sararin na Jamus ne, daga birnin Zurich ake kula da shi, a ƙarƙashin kamfanin Skyguide na ƙasar Siwizalan.

Jami'in da ke bakin aiki a daren, Peter Nielsen, ɗan ƙasar Denmark ne. Mutum biyu ya kamata a ce suna wurin, amma abokin aikinsa ya tafi hutawa, al'adar da hukumomin kamfanin suka daɗe da sani suka kawar da kai. Saboda haka Nielsen yana kai-komo tsakanin allo biyu, yana kuma fama da wani jirgi na uku da ya makara yana neman sauka a Friedrichshafen. A wannan daren ne kuma masu gyara suke aiki a kan na'urorin cibiyar, wanda ya sa alamar gargaɗin da ke fitowa a allo idan jirage sun kusanci juna ba ta aiki. Babban layin tarho ma a katse yake. Jami'an wata cibiya a Karlsruhe sun hango haɗarin a nasu allon, suka yi ta buga waya Zurich, ba ta shiga.

Lokacin da Nielsen ya lura, saura ƙasa da minti ɗaya. Ya umarci jirgin Rasha ya yi ƙasa. Amma kowane jirgi yana ɗauke da na'urar kauce wa karo, wadda ke magana da 'yar'uwarta a ɗaya jirgin. Na'urar ta ce wa matuƙan Rasha su yi sama, ta ce wa na DHL su yi ƙasa. Matuƙan DHL suka bi na'ura, na Rasha suka bi muryar jami'i. Jiragen biyu suka yi ƙasa tare, suka haɗu. Mutum 71 suka mutu, babu wanda ya tsira.

Cikinsu akwai mata da 'ya'ya biyu na Vitaly Kaloyev, wani mai zanen gine-gine ɗan yankin Ossetia ta Arewa da ke aiki a Sifen, wanda yake jiran isowarsu a Basalona. Yana cikin waɗanda suka shiga neman gawawwaki. A ranar 24 ga Fabrairun 2004 ya je gidan Nielsen a garin Kloten ɗauke da hotunan 'ya'yansa, ya kashe shi da wuƙa. Nielsen ya bar mata da 'ya'ya uku. Bayan kusan wata uku, a watan Mayu, hukumar binciken haɗurran jirage ta Jamus ta fitar da rahotonta, inda ta nuna gazawar tsarin aikin Skyguide, sannan ne kamfanin ya fito ya roƙi gafarar iyalan mamatan. A 2007 kotu ta samu jami'an kamfanin huɗu da laifin kisa ta hanyar sakaci. A wannan shekarar aka saki Kaloyev, kuma da ya koma gida mutane da dama suka tarbe shi tamkar jarumi, daga baya ma aka naɗa shi mataimakin ministan gine-gine na yankinsu. Ashe ra'ayin Alhaji yana da magoya baya har a Rasha.

Da na gama karanta wannan, sai na tuna daren da mahaifina ya rasu a wani asibiti, shekaru tara da suka wuce. Numfashinsa ya sarƙe wajen ƙarfe biyun dare, na ruga neman ma'aikaciyar jinya, na same ta a can ƙarshen ɗaki tana fama da wani majinyacin da ke zubar da jini. Kafin ta iso an gama. Na faɗa mata maganganun da har yau nake jin kunyar tuna su. Ba ta mayar mini da komai ba illa, "Ka yi haƙuri, Malam, Allah Ya ji ƙan Baba." Ita kaɗai ce a ɗakin da ke cike da marasa lafiya, kuma na ga hakan da idona, amma ban taɓa tambayar wanda ya tsara aikin dare da mutum ɗaya ba. Wancan ba shi da fuskar da na sani, ita kuwa tana tsaye a gabana. Yanzu na gane cewa sanyin da na ji a zauren Alhaji ragowar wancan fushin ne.

Wannan shi ne abin da na ga muhawararmu ta tsallake. Alhaji yana tambayar ko jami'in ya cancanci mutuwa, Malam yana cewa bai cancanta ba, dukansu kuma sun yarda cewa maganar tsakanin mutum biyu ce. Babu wanda ya ambaci waɗanda suka bar shi da allo biyu da mataccen tarho. Nielsen ya yi kuskure, ya makara wajen ganin haɗarin, wannan babu musu. Sai dai aikin da rayukan mutane suka rataya a kansa ana tsara shi ne da sanin cewa ɗan Adam ajizi ne, shi ya sa ake sa abokin aiki da na'urar gargaɗi da tarho, domin in ɗaya ya kuskure wani ya tare. A daren nan an janye su ɗaya bayan ɗaya, aka bar hannu ɗaya da jinka.

Haka kuma ban ga dalilin raina buƙatar uban ba. Mu da muke cika zaure kwana uku muna ta'aziyya mun san nauyin kalmar "a yi haƙuri" idan ta fito daga bakin da ya dace. Ba zan iya rantsuwa cewa da shugabannin kamfanin sun furta ta da wuri Nielsen zai rayu ba, amma jinkirin da suka yi ya bar uba mai raɗaɗi da sunan mutum ɗaya tak da zai dosa.

Masana harkar jirage sun ɗauki darasi: an ƙarfafa doka cewa idan umarnin na'urar kauce wa karo ya saɓa da na jami'i, matuƙi ya bi na'ura. Namu darasin, mu 'yan kallo, shi ne duk sa'ad da aka nuna mana ƙaramin ma'aikaci aka ce ga mai laifi, mu tambaya su nawa ne a bakin aiki a lokacin, da wane kayan aiki, kuma wa ya tsara hakan.

A makon jiya na je asibitin nan na nemi ma'aikaciyar, aka ce ta daɗe da barin wurin. Idan wannan rubutu ya kai gare ta, ina roƙon ta yafe mini. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya kuma tsare mu daga zaluntar wani a lokacin da zuciya ke tafasa.