Jan Biro Da Rubutun 'Ya'yanmu

Duk lokacin da aka ba da hutu, yara sukan dawo gida da littattafansu cike da jan biro, iyaye kuma su hau faɗa, wasu har da bulala. Ni da na daɗe ina koyar da 'yan aji ɗaya da aji biyu a Kumasi, ina roƙon mu tsaya mu duba abin da jan biron nan yake aunawa.

Da farko mu dubi nauyin da ɗan zango yake ɗauke da shi. A gida Hausa yake ji, a titi Tonanci, a aji kuma ana neman Turanci a bakinsa. Harsunan da gwamnatin Gana ta amince a koyar da su a makaranta, babu Hausa a ciki. Da yamma kuma ya tafi makarantar allo, inda alƙalami yake tashi daga dama zuwa hagu. Gari ya waye, malamin boko ya ce a fara daga hagu. Yaro ɗan shekara 6 ke nan! In ya fara layi daga dama, ko ya juya b ta koma d, hannunsa ne bai gama rarrabe hanyoyin biyu ba. Juya harafi ma abu ne da yara ke yi ko'ina a duniya har wajen shekara 7.

Matsalar ba ta tsaya a zango ba. Binciken da aka yi a makarantun gwamnati a 2013 da 2015 ya nuna 'yan aji biyu da ke karatu sarai tare da fahimta ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba.

To, yaya za a auna rubutun ƙaramin yaro? Ni dai nakan ba shi takarda in ce ya zana abin da ya gani a kasuwa, ya rubuta labarinsa a ƙasa, sannan ya karanta mini. A nan nake gane ko ya san riƙon fensir, ko yana barin fili tsakanin kalmomi, ko ya gane kowane harafi yana da sautinsa, ko kuma yana da abin da yake son faɗi. Wata yarinya ta taɓa rubuta mini "sukul" tana nufin makaranta. A shifta sifiri za ta ci. Amma ku lura, ta saurari kalmar, ta rarraba sautukanta, ta ba kowanne harafi. Ta fi wanda ya kwafi layi biyar daga allo da kyakkyawan hannu, aka ce karanta, ya yi zuru.

Nakan adana takardar, in rubuta kwanan wata. Bayan wata uku a sake, in jera ta jiya da ta yau. Da haka nake gwada yaro da kansa, ban gwada shi da ɗan da aka haifa ana yi masa Turanci a gida ba. Gyara kuwa ɗaya ko biyu a rana ya isa, don sannu ba ta hana zuwa.

Abin da nake tsoro shi ne sunan "daƙiƙi". In ya manne wa yaro tun aji ɗaya, sai ya daina rubuta komai don gudun kuskure, uba ya ce boko ba rabonsa ba ne, mace kuma a ɗora mata tiren talla. Alhali mu jikokin masu alƙalami ne. Alhaji Umaru Karaci, wanda ya rasu a 1934, a ƙasar nan ya zauna yana rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami.

Saboda haka iyaye, in yaro ya kawo littafinsa, kada ku fara da ƙirga jan biro. Ku zaunar da shi ku ce, "Karanta mini abin da ka rubuta." Ko ba ku yi boko ba, za ku gane in akwai magana a ciki. Ku kuma leƙa makaranta ku ce malam ya nuna muku rubutun farkon shekara da na yanzu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali, kada ya karye.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, amin.