Levittown, Inda Gidaje Suka Daina Kama da Juna

Daga tashar Penn da ke birnin New York na hau jirgin ƙasa zuwa Hicksville, a tsibirin Long Island, inda yayana da ke aiki a can ya tarye ni da mota. Tun a gida nake jin labarin Levittown: gidaje 17,447 da kamfanin Levitt and Sons ya gina a gonakin dankali tsakanin 1947 da 1951, domin sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. A tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga sama, gidajen na jere reras kamar ƙwai a kiret. Ni dai gidajen Shagari na Amurka na zo gani.

Da muka kutsa cikin unguwar na duba dama, na duba hagu, na ce, "Yaya, anya ba mu saki hanya ba?" Wannan bene ne mai ginshiƙai a ƙofa, na kusa da shi an lulluɓe fuskarsa da duwatsu, na gaba shuɗi ne mai ƙofa ja wur. Ya yi dariya. "Ai cikinta kake tsundum, ƙanena. Cire baranda a ranka, cire gareji, cire benen. Abin da ya saura, shi ne gidan Levitt."

Sai da na yi wannan lissafin ido a gida bayan gida kafin na fara hango ɗan akwatin da ke ɓoye a cikin kowanne. Asalinsa ɗakin kwana biyu ne, da falo, da kicin, da banɗaki, a kan dala 7,990. Aikin ma an kasa shi mataki 27, kowace ƙungiyar leburori da nata, har akan kammala gida 30 a rana.

Wani dattijo maƙwabcin yayana, da muka tarar yana fentin tagoginsa, ya ja mu ciki. Ya nuna mana matakala ya ce lokacin da mahaifinsa ya sayi gidan, sararin ƙarƙashin rufi babu komai sai katako tsirara, da gangan aka bar shi haka. Da iyali suka ƙaru, uban ya ɗaga rufi ya fitar da ɗakuna biyu da hannunsa. Shi kuma da ya gada, ya tura kicin zuwa baya. Wallahi wannan dabara ta burge ni ƙwarai: mai gini ya san talaka ba ya gama gida rana ɗaya, sai ya bar masa wurin ci gaba.

Abu guda ya ɗaure mini kai. Murafun da ke gefen tagogin, waɗanda dattijon ke ta wahalar shafawa, an kafe su da bango, ba sa rufuwa. Na tambayi amfaninsu, ya ce ado ne kawai. To, mu ma zankwayen da ke kan sorayen Kano da Zariya, ai yawanci don ado ake ɗora su.

Sai batun katanga. A Gwarinpa ko Kundila, wanda ya samu gida yakan fara da ɗaga katanga da kafa ƙaton get, duk kyan gidan ya koma ciki. Nan kuwa dokar farko ta hana shinge, ta wajabta yanke ciyawa duk mako, ta hana shanya a waje ranakun hutu. Yau ana kewaye bayan gida, amma gaba a buɗe yake, shi ya sa gasar ta koma kan furanni, da fitilar ƙofa, da akwatin wasiƙa. Kowa adonsa na mai wucewa ne.

Da muka fito, yayana ya gaya mini abin da ya rage mini murna. Takardun gidajen na farko sun ce farar fata kaɗai zai zauna a unguwar. Kotun Ƙolin Amurka ta hana kotuna tilasta irin wannan sharaɗi a 1948, duk da haka kamfanin ya ci gaba da ƙin sayar wa baƙaƙe. A wancan zamani, ni da shi ko haya ba za a ba mu ba.

Masu gina rukunin gidaje a ƙasarmu, ku ɗauki mai kyan ku bar mummunan: ku zuba harsashin da zai ɗauki bene, ku bar fili a baya, sauran aikin mai gida zai ƙarasa.