Ruwa da Mai Ba Sa Kwana Ɗaki Ɗaya

Duk shekara nakan ga shigowar hunturu ta tagar ɗakin magani tun kafin sanyinsa ya taɓa ni: leɓuna sun tsage, dugadugai sun yi faso, yara suna susa har su ji wa kansu ciwo. A lokacin ne mata ke yawan tambayata ko man da aka jiƙa ganye a ciki yana da amfani. Yana da shi, 'yar'uwa mai karatu, amma bari in fara ba ki labarin kuskurena.

Shekarar da na gama jami'a na tsinko ɗanyen zogale a bayan gida, na ɗauraye, na cusa a kwalba, na zuba man riɗi. Bayan kwana goma na buɗe, sai wari ya doki hancina, ga fumfuna ta rufe saman. Kakata ta leƙa ta ce, "Kishiyata, duk bokon naki ba a gaya miki ruwa da mai ba sa kwana ɗaki ɗaya ba?" Gaskiyarta. Mafi yawan nauyin ɗanyen ganye ruwa ne, kuma a cikin wannan danshi fumfuna da ƙwayoyin cuta suke hayayyafa. Da na shafa wa fatar da ta tsage, da ƙofa na buɗe musu.

Ga yadda nake yi yanzu. Ki shanya ganyen a inuwa har ya riƙa marmashewa a hannu. Ki tafasa kwalbar gilashi, ki bari ta bushe sarai. Ki auna giram 50 na busasshen ganye ga mililita 250 na man riɗi ko na zaitun, man ya rufe ganyen gaba ɗaya. Ki ajiye a wuri mai duhu mako 4 zuwa 6, kina girgizawa, sannan ki tace da ƙyalle mai tsabta. Idan man kaɗanya ne, ki ɗora kwanonsa a kan tukunyar ruwan zafi kamar awa biyu, kada ganyen ya soyu. Ki rubuta ranar haɗi a jikin kwalbar, ki ƙarar cikin wata shida. Da zarar ƙamshi ya juya, ki zubar.

Kasancewar abu daga tsiro ba ya wanke shi daga cutarwa. Ɗanyar tafarnuwa tana ƙona fata. Ɓawon lemun tsami kan bar baƙin tabo idan rana ta doki wurin. Man darbejiya guba ne ga yaro idan ya sha. Kafin ki shafe jiki, ki ɗiga kaɗan a cikin damtse, ki jira awa 48. Kada ki shafa a kan rauni ko fatar jariri sai da shawarar likita, kuma makero maganin asibiti yake buƙata.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu matsa man clobetasol cikin haɗi su kira shi na gargajiya. Na ga fuskokin da ya sirantar da fatarsu har jijiyoyi suka bayyana. Man kirki laushi yake sawa, ya tsare danshin jiki. Wanda ya haskaka ki cikin mako guda akwai abin da aka ɓoye a cikinsa.

Kakata ta rasu, Allah ya jiƙanta. Har yau ba na rufe kwalba sai na murza ganyen tsakanin yatsu na ji ƙarar karyewarsa.