Daga Ouidi zuwa Zagtouli da Gando: darasin rana da ƙasa

Duk mai zama a Ouidi ya san zafin watan Afrilu, lokacin da rufin kwano ke mai da ɗaki tamkar tanda, ga kuma wutar lantarki da akan ɗauke a daidai sa'ar da tsofaffi da jarirai suka fi bukatarta. Akwai wurare biyu a ƙasar nan da ya dace magidanta su kai 'ya'yansu su gani.

Na farko shi ne Zagtouli, yamma da Wagadugu, kan hanyar Bobo. A can aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana a watan Nuwamba na 2017. Faranti 129,600 ne jere a fili, sahu bayan sahu, ƙarfinsu megawat 33. Ranar da ke gasa mu, ita ce ake tatsa a nan.

Na biyu ƙauyen Gando ne, kusa da Tenkodogo. Ɗan ƙauyen, Francis Kéré, yana ɗalibin zanen gini a Berlin lokacin da shi da abokansa suka tara kuɗin gina makarantar firamare, wadda aka kammala a 2001. Mutanen gari ne suka yi aikin da hannunsu, da tubalin ƙasa mai ɗan siminti. Aka ɗaga rufin kwano sama da silin na tubali mai ƙofofin iska, don zafi ya fice ta sama, iska mai sanyi ta shigo ta tagogi. Ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 2004, shi kuma Kéré ya karɓi ta Pritzker a 2022, ɗan Afirka na farko da ya samu.

To, ina ɗalibanmu na 2iE da Jami'ar Joseph Ki-Zerbo? Da za su haɗa kai su zana ɗan ƙaramin gidan nuni a unguwa, ginin ƙasa irin na Gando, mai wutar rana irin ta Zagtouli, da yaro ya taɓa faranti da batir da hannunsa, maginin unguwa kuma ya ga yadda ake ɗaga rufi. Ƙasar gini muna da ita, rana kuwa ba a sayenta. Allah ya ba matasanmu himma, amin.